Bishiyar da Elbert Tolliver Ya Ƙi Jini

Elbert Tolliver mijin yayata Ozella ne, shekara arba'in da huɗu suka yi tare. In ka tambayi mutanen garinmu, nan Alabama a bakin kogin Tombigbee, za su ce maka mutum ne mai sanyin hali, dattijon coci da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, wanda injin tsaga katako ya cinye masa yatsu biyu amma ya koma bakin aiki bayan sati uku. Duk gaskiya ne. Abin da ba za su gaya maka ba, don ba su sani ba, shi ne kusan rabin rayuwarsa ya yi yana gaba da wata 'yar bishiya a bayan gidansa. Ni na sani, domin gidana yana kallon nasu, kuma bakina ne ya haddasa.

Kafin Elbert akwai Lucius Gandy. Lucius dogo ne siriri mai wushirya, shi ke jan waƙa a cocinmu. In ya buɗe baki ranar Lahadi, tsofaffin mata sai su manta da maficin da ke hannunsu. Aikin yi kam ba shi da tsayayye, yau yana gonar auduga, gobe yana gidan mai. Mama ba ta ƙaunarsa ko kaɗan. Takan ce, "Yaron nan duk arzikinsa a maƙogwaro yake." Amma shi ke rako Ozella gida bayan coci, kuma kowa ya ɗauka magana ta ƙare.

A watan Oktoba na 1952 ya ji ana ɗaukar ma'aikata a kamfanonin mota na Detroit. Ni da Ozella muka raka shi tashar bas, tana da shekara ashirin, ina da sha takwas. Har ya sa ƙafa zai hau, sai ya laluba aljihu ya fito da ƙwallon wata bishiya da muke kira bakai, guda ɗaya, sabo fil, ja mai duhu da tabo fari a gefe kamar idon barewa. Da alama a hanya ya tsinto shi bakin rafi. Mazanmu kowa na yawo da irinsa a aljihu, wai yana kawo sa'a, yana kuma maganin sanyin ƙashi. Ya danƙa mata a hannu ya ce, "Riƙe min wannan, Zella. Kafin ya bushe zan aiko ki taho."

Wasiƙa biyu ya rubuto. Ta biyun ma rabinta labarin dusar ƙanƙara ne.

Ozella ba ta jira ƙwallon ya bushe ba. Washegarin tafiyarsa ta tona rami a bayan gida, kusa da famfo inda ƙasa ba ta rabuwa da laima, ta binne shi, ta kifa tsohon kwando a kai ta danne da dutse saboda kurege. Da watan Maris ya kama sai ga tsiro, ganyensa biyar-biyar kamar yatsun hannu. Ba ta ce wa kowa komai ba, mu ma ba mu tambaye ta ba.

Elbert ya zo garinmu bayan shekara biyu, neman aiki a kamfanin katako. Ƙato ne, wuyansa kamar na bijimi, magana kuwa sai ka roƙa. Wata shida ya yi yana zuwa gidanmu yana gyara abin da bai lalace ba, yau matakala, gobe ƙyauren kaji, kafin ya iya buɗe baki ya faɗi abin da ke kawo shi. Mama ta so shi tun ranar farko. Aka ɗaura aure a 1955, shekarar da bishiyar ta fara fure, lokacin ko ƙuguna ba ta kai ba. Shekara na zagayowa Mama ta rasu, su Ozella suka ci gaba da zama a gidan, ni kuma na auri Hosea muka kama gidan da ke tsallaken titi.

Elbert ya ɗauka Mama ce ta shuka bishiyar. Saboda haka da ya ga alfadarin maƙwabci yana yawan shigowa, sai ya kwaso guntayen katako daga wurin aiki ya zagaye ta da shinge, har da fenti fari. Da yamma yakan tsaya yana kallon ƙananan tsuntsayen nan masu tsayawa cak a iska suna zura dogon baki cikin jajayen furanninta, ya ce, "Mama ta iya zaɓe." Ozella sai ta sunkuyar da kai ta shige kicin.

Ranar Ista ta 1958 muna cin abinci a barandarsu ta baya, soyayyar kaza da burodin masara da miyar kuɓewa. Bishiyar ta yi ja jawur. Ni kuwa na ƙoshi, baki ya saku, na ce, "Kai, Zella, bana bishiyar Lucius ta yi fure kamar ba gobe."

Hosea ya taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur, amma magana ta riga ta fita. Elbert ya ajiye cinyar kazar da ke hannunsa.

"Bishiyar wa?"

Na ce, "A'a, Yaya Elbert, ai wasa nake."

"Ba ke nake tambaya ba, Vernice. Zella, bishiyar wa?"

Ozella ta goge hannu da ƙyalle, ta dube shi ido cikin ido. "Tawa ce. Ni na shuka. Ƙwallon ne Lucius Gandy ya ba ni ranar da zai tafi."

Elbert ya cinye abincinsa tas, domin shi ba ya barin abinci a faranti ko da gida na cin wuta. Sannan ya tashi ya ɗauko guduma, da kayan cocinsa a jiki, ya kwance shingen nan katako bayan katako. Kowace ƙusa ya zare sai ya miƙar da ita ya jefa a gwangwani. Da ya gama ya juyo ya dube ni ya ce, "Na gode, Rediyo." Daga ranar har ya mutu bai sake kirana da sunana ba.

Sunan Lucius ma bai taɓa fitowa daga bakinsa ba. "Mutumin Detroit" yake cewa, kuma da bishiyar yake. In ya ga Ozella da bokiti sai ya ce, "Je ki, je ki, mutumin naki na jin ƙishirwa. Mu da muka yini a rana ai duwatsu ne." Ita kuwa sai ta ce, "Shayinka na kan tebur, har da ƙanƙara," ta wuce abinta. In baƙo ya yaba furen, Elbert ya ce, "Ciyawar rafi ce. Ba a ci, ba a sha, itacenta ko ƙotar fartanya ba ya yi. Kyau kawai da daɗin baki." Baƙon ya rasa yadda bishiya ke da daɗin baki.

Sare ta a fili bai iya ba, don haka ya nemi dabara. Ya gaya wa Hosea cewa babu shukar da ke rayuwa in an hana ta rana. Ya sayo dashen fikan guda biyu, babbar bishiyar nan da ake cin ƙwallonta kamar gyaɗa, da ɓaure ɗaya, ya dasa su ta ɓangaren da rana ke dukan bishiyar. Ozella ta tambaye shi me ya sa nan, ga fili ko'ina. Ya ce, "Ni abin da ake ci nake shukawa, kuma inda na ga dama." Ya dinga ba su taki, yana auna tsayinsu da sanda, yana jira. Shekara goma ya yi yana jira. Abin da bai tsaya ya tuna ba, alhali ɗan ƙauye ne, shi ne bakai a daji ƙarƙashin manyan itatuwa take fitowa. Da can rana kan ƙona mata bakin ganye tun watan Yuni. Da inuwar fikan ta rufe ta sai ta miƙe, ta yi rassa, furenta ya ninka. Wata safiya Ozella ta fito baranda da kofi a hannu ta ce, "Elbert, ban taɓa yi maka godiya ba. Rumfar nan da ka yi mata ta karɓe ta." Hosea ya ce ranar ko gaisuwa Elbert bai amsa wa kowa ba a wurin aiki.

Abu ɗaya ke sanyaya masa rai. Bakai tana riga kowace bishiya zubar da ganye, ƙarshen Agusta ta zama ƙirare tsirara alhali komai na kore. Kowace shekara sai ya shigo gida yana murza hannu, fuska a ɗaure kamar mai kai saƙon rasuwa.

"Zella, ki yi haƙuri. Mutumin Detroit ya cika. Bana kam da gaske ne."

"Haka ka ce bara."

"Bara suma ya yi. Je ki duba, ko ganye ɗaya babu."

Sai Maris ya zo, tun fikan na barci, ita ta riga kowa fitar da sabon ganye.

Sau ɗaya ne abin ya kusa wuce wasa. A kakar 1967 maraƙin Mista Odom, maƙwabcinsu na baya, ya ɓalle ya shigo lambun, washegari aka same shi kwance yana kumfar baki. Kowa ya san ƙwallon bakai dafi ne ga dabba, ga su kuwa zube a ƙasa. Elbert ya ga hujja ta zo masa har gida. Ranar Asabar da hantsi na hango shi ta taga yana wasa gatari, na jefar da wankin da nake na ruga. Kafin in isa Ozella ta riga ta ja kujera ta zauna a gindin bishiyar da kwanon wake a cinya tana ɓarewa.

"Tashi, Zella."

"Ina aiki."

"Ta kusa kashe dabbar mutane. Gobe ɗan wani ne zai tsinta ya sa a baki. Marvella ma tana wasa a nan." Marvella ita ce 'yarsu tilo, lokacin tana da shekara tara.

"Marvella ta san ba a ci tun tana rarrafe. Kai ma ka san ba don maraƙi ka wasa gatarin nan ba."

Ya tsaya yana huci. Ta ɗago kai ta ce, a hankali, "In ka matsa sai ka sare, zan tashi. Ba zan yi maka faɗa ba, ba zan bar gidanka ba. Zan dafa maka, in wanke maka, kamar kullum. Amma duk safiya in na leƙo ta tagar kicin kututture zan gani, kuma zan tuna wanda ya yi."

Can ya juya ya nufi tarin itacen girki, ya yi ta faskare har la'asar, ya tara abin da ya ishe su sanyi biyu. Maraƙin ya tashi bayan kwana biyu. Ashe buhun takin zamani ya samu a rumfar Mista Odom ya lasa.

Da yammacin ranar na taya Ozella ƙarasa waken, na ce mata, "Ke ma dai, Zella. Mutumin nan ya mutu a kanki. Ki ce masa ba kya tuna Lucius mana, ki huta, mu ma mu huta."

Ta ƙarasa ɓare kwanson da ke hannunta. Sannan ta ce, "Ba zan yi masa ƙarya ba, Vernice. In ta yi fure nakan tuna. Ba ma Lucius ɗin kansa ba sosai. Nakan ce da na hau bas ɗin nan, yanzu wace ce ni? Wane irin gida, wane irin titi? Sati ɗaya ne a shekara. Sauran hamsin da ɗaya na Elbert ne, kuma ban taɓa rage masa ko kwana ɗaya ba."

Wannan kam ban kai wa kowa ba. Amma ina jin ya sani, don a satin furen yakan rage magana fiye da kullum, ya yi ta neman aiki a gaban gida.

A Afrilun 1979 Marvella ta yi aure, ta ce hoto sai a gindin bakai. Hoton na nan a bangona. Kowa ya taru cikin jan fure ana dariya, uban amarya kuwa yana can gefe, kafaɗarsa ɗaya ma ba ta shiga ba, ya dafa fikan ɗinsa.

Haka aka yi ta tafiya har 1991. Elbert ya bar aiki, gashi ya yi fari, Hosea nawa ya riga mu gidan gaskiya. A farkon Afrilu ƙanwar Lucius ta rasu, aka ce zai zo jana'iza. Shekara talatin da tara bai taka garin ba. Elbert ya ji labari ranar Talata. Laraba ya je aski, Alhamis ya shiga a-kori-kurarsa har garin Demopolis ya sayo sabuwar malafa. Na ce, "Yaya Elbert, jana'iza za a yi ko zaɓen sarauniyar kyau?" Ya ce, "Kashe, Rediyo, batirinki zai ƙare."

A coci na yi ta waige ina neman dogon siririn nan, ban gan shi ba. Sai da aka ce dangi su tashi na gane shi: wani tsoho mai tumbi da sanda, kai ba gashi, zobe a yatsu uku. Wushiryar ma babu, haƙoran roba sun maye gurbinta. Da aka watse, Elbert da kansa ya je ya miƙa masa hannu.

"Ɗan'uwa Gandy, ni ne Tolliver, mijin Ozella. Gobe bayan coci a gidana za ka ci abinci."

Na ja shi gefe na ce ko ya haukace. Ya ce, "Shekara talatin da uku ina ciyar da shi a bayan gidana. Bari dai in ga yadda yake tauna."

Ozella ta soya tarwaɗa, ta yi gashin dankali mai zaƙi, ta sa rigarta shuɗiya da ba ta sawa sai Kirsimeti. Elbert ya ga rigar, ya kau da kai. Aka shimfiɗa tebur a barandar baya. Bishiyar ta kai tsayin rufin kicin a lokacin, kuma ban taɓa ganin ta yi fure kamar na shekarar ba.

Lucius ya zo ya rungume ni ya ce, "Zella! Ba ki canja ba ko kaɗan!"

Na ce, "Vernice ce. Ga Ozella can."

"Oho, to, to. Ai kun yi kama."

Ba mu taɓa kama ba. Ya zauna ya ci, ya ƙara, yana ba mu labarin Detroit: motocin da ya hau, matan da ya aura su uku da yadda kowacce ta cuce shi, ciwon sukarinsa, likitansa. Bai tambayi kowa komai ba. Elbert na zaune da sabuwar malafa a gwiwa yana kallonsa kamar mai duba alfadarin da za a sayar masa. Da aka kawo kofi, Lucius ya jingina da kujera ya nuna bayan gida da cokali.

"Wannan jar abar fa? Kamar na san ta."

Ozella ta ajiye butar kofi. Ta ce, "Bakai ce."

"Bakai! Ciyawar bakin rafin nan mai kashe shanu? Ikon Allah. Mutanen ƙauye ba ku da dama, har a gida kuke shuka ta? Ni da gidana ne da tuni na sa an tumɓuke, in zuba siminti in samu wurin ajiye mota."

Ozella ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Wani ne ya ba ni ƙwallon. A tashar bas."

"To ai kuwa marowaci ne," in ji Lucius, ya fashe da dariya har yana tari. "A rasa abin da za a ba budurwa sai abin da aka tsinta a ƙasa!"

Na dubi yayata. Ba ta yi kuka ba, hannunta kawai ta sa tana gyara wuyan shuɗiyar rigar, tana ta gyarawa. Na dubi Elbert ina tsammanin zan ga murna, tunda abin da ya yi shekaru yana faɗa ne wani ya faɗa masa. Sai na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya miƙe tsaye, kujera ta faɗi ta baya.

"Kai ka ba ta."

"Ni?"

"Kai. Oktoba, 1952. Ka ce ta riƙe maka kafin ka aiko. Ni da ban je tashar ba na sani, kai da ka yi ba ka sani ba?"

Lucius ya buɗe baki yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. "Ɗan'uwa Tolliver, ai an daɗe. Yarinta ce. Wa zai tuna..."

"Ita ta tuna! Ni ma na tuna! Ba ranar da ta fito ta faɗi ban tuna da kai ba, kai kuwa ko fuskarta ba ka gane ba!" Ban taɓa jin muryarsa haka ba, har karen Mista Odom ya kama haushi. Ya ɗauko sandar Lucius ya miƙa masa. "Tashi in kai ka masauki. Ka ci abincin matata, ya isa."

Ya kai shi kuwa, har ƙofa.

Washegari da safe ina gidan, Ozella na wanke kwanuka, ba ta ko ɗaga kai ta kalli taga ba. Ta ce, "Elbert, gatarinka na nan?"

"Yana nan."

"Ka sare ta."

Ya ajiye kofinsa. "Ban sarewa."

"Ba abin da kake so ke nan ba tun farkon aurenmu?"

"Da can ta wani ce. Wa ya yi mata shinge? Wa ya yi mata inuwa? Wa ke share ƙwallayenta duk kaka don kada yara su tsinta? Shi ko sunanta sai da aka gaya masa. Ba mai taɓa min ita."

Kada ka ɗauka kishin ya ƙare a nan. Sabon salo ya ɗauka. Ozella ta daina zama a gindin bishiyar, ta daina ba ta ruwa, kuma wannan ya fi komai ci masa rai. Ya ce min, "Kin gani ko, Rediyo? Da bakinsa ya ba ta, da bakinsa ya ƙwace. Ni shekara nawa ina magana ba ta ji ba, shi cokali ɗaya ya nuna." Shi ya koma ɗaukar bokiti. In furen ya fito sai ya kai kujeru biyu gindinta ya zauna a ɗaya, ya yi ta kiran Ozella ta zo ta ga tsuntsaye. Wani lokaci takan zo, don kada ya ji kunya. Matan coci da suka saba zuwa tsintar ƙwallo su shuka a gidajensu kuwa, ya hana. Ya ce wanda ke so ya tafi rafi.

A 1996 ɗan Lucius ya bugo waya daga Detroit, ya ce uban ya rasu, kuma ya bar wasiyya a kawo shi gida cikin danginsa. Elbert ne ke kula da maƙabartar coci, shi ya san inda kowa zai kwanta. Ya ɗauko takardar ya duba, sai ga shi filin dangin Gandy yana manne da namu, kuma gurbin da ya rage musu taku biyu ne daga inda aka tanadar wa Ozella. Ya je wurin fasto ya ce wurin na riƙe ruwa, gara a kai shi can kusa da titi. Fasto ya ce, "Dattijo Tolliver, wurin nan kan tudu yake." Ya dawo gida ya yini bai ci abinci ba, abin da ban taɓa gani ba. Da yamma ya ɗauko fensir ya goge sunansa da na Ozella a takardar, ya sauya musu wuri, nasa ya koma tsakiya.

Ozella ta yi dariya har da hawaye da ta ji. Ta ce, "Elbert, ko a can ma?" Ya ce, "Musamman ma a can. Wa ya san irin muryar da za a mayar masa?"

Ita ta riga Elbert. A Fabrairun 1999 zuciya ta buga mata tana shanya, ba ta kai asibiti ba. Aka binne ta inda ya rubuta, gurbinsa na nan fili tsakaninta da Lucius. A bakin kabarin, bayan mutane sun ja baya, ya riƙe hannuna ya ce, "Ya riga ni isa, Rediyo. Shekara uku yana can yana jira, da bakin nan nasa."

Sati bai cika ba ya haɗa benci da ragowar katakon da ke rumfarsa, ya ɗora a a-kori-kura ya kai maƙabarta, ya dasa shi daidai kan gurbinsa. Kullum da hantsi, in ya gama ba bishiya ruwa, sai ya tafi ya zauna a kai, fuskarsa wajen Ozella, bayansa wajen Lucius, yana ba ta labarin gari. Marvella ta yi ta roƙonsa ya koma wurinta a garin Mobile, ya ce ba zai bar wurinsa babu kowa ba. Fasto ya taɓa wucewa ya tambaye shi ko addu'a yake. Ya ce, "A'a, Fasto. Gadi nake."

Shekara huɗu ya yi yana gadin. A Nuwambar 2003 ya kwanta ciwon haƙarƙari, kwana tara ya cika. Masu haƙar kabari suka zo suka tambaye ni yadda za a yi da bencin. Na ce su kawo min. Yana barandata yanzu, ƙafarsa ɗaya ta fi sauran gajarta saboda gangaren tudun da ya auna shi a kai, sai na sa masa bulo.